Buhunan Yashin Gwaggo

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, a daminar farko bayan an ƙaddamar da shari'a a Zamfara. Ranar ce aka je nema mini aure, kuma ranar ce na ji kunyar da har yau idan na tuna ta ina cikin cin tuwo sai na ajiye lomar.

Bari in fara gaya muku ko wane ne ni a lokacin, don ku san ba zaluntata aka yi ba. Da aka ƙirƙiro jiha aka kwaso mu daga Sakkwato, ma'aikata sun yi ƙaranci, sai ƙarin girma ya riƙa faɗo mana kamar ɗanyen mangwaro ranar iska. Ni da nake ƙaramin malami, sai ga ni da ofis a Ƙauran Namoda, da kujera mai juyawa, da tumbi (tumbin ma ya riga kujerar zuwa). Na sayi mota 'yar Kwatano, sabuwar yayi, mai sanyi a ciki. Jama'a, motar nan ta lalata ni. Da yatsa ɗaya nake murza sitiyarinta. Idan na shiga kwana sai ta lafe da kwalta, in taka totur ƙafafunta na gaba su ja ni su fitar da ni sumul. Rami kuwa sai dai in gan shi da ido, ba na jin sa a ƙugu. Ga wasu mujallun motoci na Turawa da nake sayowa a Kaduna ina haddacewa. A taƙaice, na zama irin mutumin nan da ba a gama yi masa bayani.

Yarinyar da nake nema sunanta Rabi, malamar firamare ce, 'yar wani ƙauye da ke bayan Gurbin Ɓore a ƙasar Zurmi. Ina son ta, so na gaske, irin wanda ke sa babban mutum ya yi ta aske gemu yana sake tsayar da shi don bai san wanne ta fi so ba. Ita ce ta faɗa mini gaskiyar halin da ake ciki. Mahaifinta ya bar maganar a hannun yayansa, Malam Na'Allah, wanda ke aikin rubutu a wata kotu a Ƙaura. Abin da ya ce shi za a yi. Kuma labari ya riga ya kai masa cewa ni mai ji da kaina ne. Ga wani ɗan uwansu, ɗan kasuwa daga Jangeru, shi ma ya aiko. Ranar Asabar ɗin nan za a ba manyana amsa, ko a ba ni ko a ba mu haƙuri.

A al'ada mai neman aure ba ya bin manyansa. Amma da na ji Malam Na'Allah shi ma ranar zai tafi ƙauyen, kuma zai bi motar da za ta kai su, sai na nace ni zan tuƙa. Baffa Sa'adu, yayan mahaifina, wanda zai jagoranci tafiyar, ya ce, "Kai, ba a haka. Ina anka taɓa zuwa da ango?" Na ce ai direba kawai zan zama, in sauke su a bakin gari in ɓuya gindin wata bishiya har su gama. Niyyata ita ce in samu awa guda da tsohon nan a mota, ya ga irin hankalina da ilimina.

Matsala ɗaya: daga inda aka sauka kwalta, hanyar ƙauyen jar ƙasa ce da taɓo, motata kuwa cikinta a ƙasa yake. Dole na je aron Gwaggo.

Gwaggo motar Kawu Mamman ce, ƙanin mahaifiyata, mai jigilar kaya tsakanin kasuwar Shinkafi da bakin iyaka. Tsohuwar mota ce mai dogon hanci, ta girme ni ko mu yi sa'anni. 'Yan tasha suka sa mata Gwaggo saboda tsufa da yawan mita. Amma kada tsufan ya ruɗe ku. Makanikan Ƙaura sun cire injinta sun dasa mata wani ƙato mai silinda takwas, sun sake mata birki, sun ƙara mata sifirin a baya har ninki biyu don ta iya ɗaukar buhunan hatsi. Idan aka tayar da ita, kajin unguwa watsewa suke yi.

Da Kawu zai miƙo mini makulli ranar Juma'a da yamma, sai ya ce, "To saurara, akwai abu guda. Kayan da ad cikin but..."

Na ce, "Haba Kawu! Ni za a koya wa mota?"

Ya dube ni, ya dubi makullin, ya ce, "To, Allah shi tsare." (Allah ya saka wa Kawu da alheri. Da ni ne shi, da na karɓe makullina.)

Washegari da sassafe na buɗe but ɗin, ma'ajiyar kaya ta bayan motar, don in saka ƙwaryar goro da kwalin alewa, sai na tarar da buhu biyar na yashi a jere. Yashi! Na ce oho, wannan ne kayan da Kawu yake son in kula masa da shi, na gini ne ya manta bai sauke ba. To yaya za a je gidan surukai a buɗe but a ga yashi? Ga shi kuma mujallata ta ce babu abin da ke kashe mota kamar nauyi. Na tuɓe riga, na jawo su ɗaya bayan ɗaya ina nishi, na jingine su a bayan ɗaki. Ina sauke na ƙarshe bayan motar ya ɗage sama, hancinta ya duƙa, ta koma kamar kaza tana tsattsagar hatsi. Na ja da baya na kalle ta, na ce a raina, yauwa, yanzu ta yi kama da motar tsere. Na share but ɗin sama-sama, na yi wanka, na zuba farar shadda mai aiki har ciki.

Na ɗauki Baffa Sa'adu da amininsa Liman, suka zauna a baya. Dukansu biyu in ka haɗa ba su kai nauyina ba. Muka biya ta gidan Malam Na'Allah. Ɗan siririn dattijo ne mai farin gemu da tabarau, maganarsa a hankali kamar ba ya son ta ƙare. Na durƙusa na gaishe shi, na buɗe masa gaba. Kafin ya shiga ya ɗan tsaya ya dubi bayan motar. Ni kuma na ɗauka sha'awa take ba shi.

Tun kafin mu fita Ƙaura na san akwai magana. Ramin farko da muka taka, bayan motar ya yi tsalle, na ji "ƙum!", kan Liman ya gaisa da rufi. Ya ce, "Innalillahi!" Rami na biyu Baffa ya riƙe kujerata da hannu biyu. Sitiyarin ga nauyi, sai na sa ƙarfi kamar mai tuƙin tuwon biki, kuma da na ɗan taɓa totur sai motar ta zabura, bayanta ya yi rawa. Zufa ta fara tsattsafo mini. Mai hankali a nan zai tsaya ya yi tunani. Ni sai na buɗe baki.

Na ce, "Ku yi haƙuri, Malam. Ai matsalar mutanenmu ke nan. Sai a ɗauko tsohuwar mota a cusa mata babban inji, a ce an gyara. Ƙarfi ba shi ne mota ba. Motar zamani, Bature ya zauna ya auna komai, inji da ƙafa da birki duk da lissafi. Wannan kuwa aikin makanikan Ƙaura ne, ba ilimi, sai guduma."

Malam Na'Allah ya ce, "Haka mujallar tac ce?"

Ban ma tsaya tunanin inda ya ji labarin mujallata ba. Na ce, "Ƙwarai kuwa, Malam!" Na ci gaba. Daga Ƙaura har Zurmi ina karatu, tsofaffi na tsalle a baya. Na yi bayanin iska, na yi bayanin taya, na yi bayanin abin da ni kaina ban gane ba. Liman ya bar salati a ɓoye ya koma yi a bayyane. Shi kuwa Malam ya dafe gaban mota da hannu ɗaya, lokaci-lokaci ya ce, "Ikon Allah."

Bayan Gurbin Ɓore muka sauka kwalta. An yi ruwa da asuba, jar ƙasar ta yi santsi. Muka iso wata kwana kusa da wata rijiya, mata na ɗiban ruwa, makiyaya na shayar da shanu. Na ce bari in nuna wa Malam yadda ake shan kwana. Na karya sitiyari, na taka totur, daidai yadda nake yi wa motata ta ja ni ta fitar. Na manta Gwaggo ba ja take yi ba, da ƙafafun baya take turawa, kuma ƙafafun nan babu abin da ya danne su.

Wallahi ban san yadda aka yi ba. Na dai ga rijiya ta wuce ta gabana, sai shanu, sai gonar gero, sai rijiyar kuma. Da muka tsaya, hancin motar na kallon Ƙauran Namoda, ƙafa ɗaya na cikin kunyar gero, inji ya mutu. Rawanin Liman ya warware ya rufe wa Baffa fuska. Matan bakin rijiya suka saki guga suna salati, da suka ga duk mun motsa sai salatin ya koma dariya.

Alhamdu lillahi ba wanda ya ji ciwo. Muka fito. Amma bakina bai daddara ba. Na ce, "Kun gani ko? Abin da nake faɗa ke nan. Waɗannan gyare-gyaren..."

Malam Na'Allah bai saurare ni ba. Ya zagaya bayan motar, ya danna ta da tafin hannu, ko motsi ba ta yi ba. Ya ce in buɗe but. Na buɗe. Goro ya watse ko'ina, alewa ta bi shi. Ya leƙa, ya ɗago, ya cire tabarau.

"Ina yashinta?"

A take na gane komai, har da abin da Kawu ya so faɗa mini. Kuma a take, Allah ya yafe mini, na ji bakina ya ce, "Wane yashi, Malam?"

Ya sake duƙawa. Ya sa yatsa ya shafo ƙasan but ɗin, ya ɗago da ɗanyen yashi, yana murza shi a hankali yana kallon gona. Ya ce, "To, ƙila Mamman ne yam manta. Abin mamaki. Shekara talatin shina tuƙi, ya ba da mota hakanga a ɗauki tsohhi. Sai in gaya mishi bai kyauta ba."

Nan fa. Ga ƙofa ya buɗe mini, in na bi ta na tsira, Kawu ya sha zagi a banza. Mutumin da ya ba ni motarsa da zuciya ɗaya, na kuma yi awa guda ina zagin masu gyara masa ita. Na ji wata irin kunya ta taso mini tun daga tafin ƙafa. Na san in na faɗi gaskiya Rabi ta tafi Jangeru. Na dai runtse ido na ce, "Malam, ƙarya na yi. Kawu bai manta ba. Buhu biyar ne, ni na sauke su da safe. Ya so ya yi mini bayani na katse shi."

Baffa Sa'adu ya riƙe baki. "Kai! Kai ɗan nan, kashe mu kaz zo yi?"

Malam ya mayar da tabaransa. Ya ce, "Wagga mota an ɗaure ta don kaya. In ta ɗauki buhu goma, tahiyarta ta hi ta jirgi daɗi. In ba kaya, sai a aza mata yashi shi danne ƙahwahun baya, in ba haka ba ƙarhin injin shi ka juya ta. Duk yaron tasha ya san wanga." Ya dube ni. "Kuma a shekarag ga ta shari'a ka ɗauke kayan mutum ba izini. Allah ya so ka yashi bai kai nisabi ba."

Liman ya fashe da dariya har da tari. Baffa ne ya matso ya raɗa mini cewa kafin Malam ya koma karatu ya shiga aikin kotu, shekara goma sha takwas ya yi yana jan irin waɗannan motoci tsakanin Shinkafi da bakin iyaka. Wato mutumin da na yi wa lacca tun daga Ƙaura ke nan. Na ce, "Baffa, me ya sa ba ka faɗa mini ba?" Ya ce, "Yaushe ka yi shiru?"

Makiyayan suka taimaka muka turo motar kan hanya. Hadari kuma ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Akwai ƙorama tsakaninmu da ƙauyen, in ruwa ya sauka ta kawo, sai dai mu juya, maganar aure kuma ta bi ruwa. Babu buhu a kusa, babu lokacin neman sa. Malam ya karɓi makulli daga hannuna, ya dube ni daga hula har takalmi, irin kallon da ake yi wa rago a kasuwa.

Ya ce, "Biyar kac ce? To, ba ka kai biyar ba, amma kana yin biyu da rabi. Shiga."

Na ce, "Ina, Malam?"

Ya nuna but.

Na dubi Baffa ko zai cece ni, Baffa ya kau da kai yana gyara wa Liman rawani. Na tattare farar shaddata, na cire hula na rungume, na hau na naɗe a kan goron neman aurena. Aka bar murfin a buɗe na tokare shi da hannu. Matan bakin rijiya har da guɗa.

To, ga abin da ban taɓa faɗa wa abokaina ba sai yau. A cikin but ɗin nan na san mene ne tuƙi. Tsohon nan ya tayar da Gwaggo, gurnaninta ma ya sauya. Ba ya fizgar ta, ba ya dannar ta, lallaɓa totur yake yi. Idan muka zo kwana sai in ji bayan motar, wato ni, ya ɗan zame gefe kaɗan, kafin in yi salati ya tare shi ya miƙe da shi, kamar dai tun farko haka ya so. Ramukan da suka riƙa jifa da mu ɗazu, yanzu sai ta bi ta kansu da ɗan lilo. Motata takan ɓoye mini hanya ne, ta gyara kurakuraina ban sani ba, har na ɗauka ni ne gwani. Wannan kuwa ba ta rufa wa kowa asiri, abin da ka ba ta shi za ta mayar maka. Ina ƙudundune, taɓo na fallatso mini, amma sai da na ji tsohon ya burge ni.

Na sa rai zai sauke ni a bakin gari kamar yadda aka shirya. Sai ruwa ya ɓarke daidai muna tsallake ƙoramar, daga nan kuma hawa ne mai santsi har cikin gari, in aka tsaya an kafe. Bai tsaya ba. Muka ratsa ta gaban masallaci, muka ratsa ta 'yar kasuwa, mutanen da suka fake a rumfuna suna nuna ni da yatsa. Bai taka birki ba sai a ƙofar gidan su Rabi, inda dattawan gidan suka cika zaure suna jiran baƙi.

Na yi ƙoƙarin jawo murfin in rufe kaina, ya ƙi. Ƙafata kuma ta yi tsami, na kasa fitowa. Sai da Baffa da Liman suka kama ni hannu bibbiyu suka zaro ni, shadda ta koma ja, goro biyu manne a bayana. Ta saman katanga na hango kawunan mata, ban kuma yi shakkar akwai na Rabi a ciki ba.

Mahaifinta ya leƙo daga zaure ya ce, "Yaya, wa kunka ɗauko cikin but?"

Malam Na'Allah ya miƙa mini makulli, ya ce, "Mai neman ɗiyarka ne."

Sai wani tsoho a zauren ya ce, "To, madalla. Ya zo da sauƙin kai." Dariyar da aka yi, ina jin har Zurmi an ji ta.

Suka shiga. Ni na koma cikin motar na rufe gilashi, ruwa na dukan rufi. Na fi awa biyu a wurin. Ba zan ɓoye muku ba, na yi hawaye. Na riga na sallama, ina ta shirya yadda zan nemi a mayar da ni aiki wani gari mai nisa inda ba a san ni ba.

Dab da azahar Baffa Sa'adu ya ƙwanƙwasa gilashi, fuskarsa a ɗaure. Ya shigo ya zauna, ya ɗauki lokaci yana kakkaɓe riga (da gangan, na sani). Sannan ya ce, "An ba ka."

Na ce, "Baffa, don Allah ban da wasa."

Ya ce, "Wa ka wasa da kai? Uban yarinya ya so shi ba mu haƙuri. Malam ne yac ce a'a. Ya ce shi bai ga abin yabo ga iliminka ba, kuma surutunka ya isa a kai ƙara. Amma ka yi ƙarya ya ba ka hanyar da za ka laƙa ma wani, kaƙ ƙi, alhali ka san abin da za ka rasa. Ya ce shekarunshi a kotu, bai cika ganin mai cewa ni niy yi ba tun ba a kawo shaidu ba. Ya ce mace tana iya zama da irin wanga."

Na fita cikin yayyafi na sami Malam a bakin zaure yana alwala. Na zube a taɓon (shaddar dai ta riga ta mutu), na ce, "Malam, na gode. Allah ya saka da alheri. Ban cancanta ba."

Ya ce, "Ban ce ka cancanta ba. Cewa niy yi ana iya gyara ka. Tashi, kada ka ƙara jiƙewa."

Yau shekaru masu yawa ke nan, ni da Rabi har mun aurar da 'yarmu ta fari. Malam Na'Allah ya rasu, Allah ya jiƙansa ya haskaka kabarinsa. Ba na yin salla in manta da shi, don da ya auna ni da abin da bakina ya faɗa a hanyar nan, da ban samu uwar 'ya'yana ba. Abin da na koya kuwa ba shi da yawa: idan ka ga masu sana'a sun ɗora wa abu nauyi, tambayi dalili kafin ka sauke. In ba haka ba, kai za a ɗora a madadinsa, kuma a gaban surukanka.